Ƙofar Da Na Zana a Ɓoye

Masu karatu, kafin ku shiga sahun masu zagin Léandre, ku tsaya ku ji nawa laifin tukuna. Sunana Ghislaine Potvin, shekarata ashirin da huɗu, kuma abin da zan ba ku ya faru ne cikin kwana huɗu kacal, Alhamis zuwa Lahadi, a tsakiyar azumin Ista na 1958. Ko yanzu da nake rubutawa sau uku ina ajiye alƙalami in zagaya ɗaki in dawo.

Shekara guda kafin nan cocinmu na Saint-Évode ya ƙone. Bututun murhu ne ya kama, kafin a tara jama'a rufin ya rufta. Hasumiyar da ake hangowa daga tsallaken tafki ta faɗi, bagaden da kakana da Baba suka yi shekara goma sha ɗaya suna sassaƙawa ya koma toka. Ƙararrawa kaɗai aka zaƙulo lafiya. Tun daga nan a zauren makaranta muke sujada.

Baba, Adélard Potvin, masassaƙi ne, kuma yana cikin dattawa uku da ke riƙe da al'amuran coci tare da Fada Simard. Ni kuwa a Chicoutimi nake aiki, ofishin masu zanen gine-gine, kullum a bas nake zuwa in dawo. Aikin da aka ɗauke ni shi ne buga wasiƙu da ɗaga waya, kuma a kan haka Baba ya yarda. Amma tun da suka gane hannuna na faɗawa da fensir, rabin zanen da ke fita daga ofishin ni ke kwafe shi tsaf da tawada. Sunana dai ba ya hawa ko'ina.

A can na san Léandre Maltais. Dogo ne siriri, bai daɗe da dawowa daga karatu a Montréal ba, kullum da ɗigon tawada a hannun rigarsa, kullum ya manta hularsa a wani wuri. Wata takwas yana zuwa zance gidanmu, Talata da Alhamis da Lahadi, mu zauna a falo Mama na gefe a kujerarta mai lilo tana saƙa, kunnenta kuwa yana wajenmu. Da tara ta buga Baba zai miƙe ya hau murɗa agogon bango, Léandre ya gane, ya fara neman hula. Baba na son sa a lokacin. Har tabarsa ta lofe yake miƙa masa, abin da bai taɓa yi wa mijin ƙanwata ba.

Sai ofishinmu ya samu aikin sabon coci, maigidanmu ya danƙa wa Léandre. Ranar da ya kawo samfurin ginin da ya haɗa da farin kwali ya ɗora a teburin cin abincinmu, ni na riga na san za a yi ta. Ba hasumiya, ba ginshiƙi ko ɗaya, bango kankare zalla, rufi ya sauko ta gefe biyu kusan ƙasa, bagade a tsakiya jama'a sun kewaye shi. Baba ya zagaya teburin sau biyu hannu a baya, sannan ya tambaya a hankali ko nan ne za a riƙa adana dankalin gari. Washegari ya ce in gaya wa yaron ya dakata da zuwa har a yi ƙuri'a.

Dattijo ɗaya na son ginin, don ya ce kankare ba ya cin wuta. Ɗayan ya ce sai dai bayan ransa. Fada Simard ya ce inda biyu suka karkata nan zai bi. Kun ga ke nan komai na hannun Baba. In ya ƙi, za a kai aikin wani ofishi a Québec su kwaikwayi tsohon cocin, Léandre kuma ya riga ya gaya min ba zai zauna a yankin da aka yi masa dariya ba, Montréal zai koma.

Ranar Alhamis da yamma na dawo na tarar da Mama a kicin tana goge farar rigar Baba ta Lahadi. Ko takalmin roba ban cire ba ta fara. Ta ce ƙanwata Pierrette da na girma da shekara uku ga ta da yara biyu. Ta ce a taron ɗinki na mata ba ta iya ɗaga kai, kowa tambayarta yake ko surukinta ne zai sa su yi addu'a a gareji. Ta ce ita ta gama lissafinta, in an sanar da auren a coci bayan Ista, a ɗaura a watan Yuni, har yadin leshi ta sa an ajiye mata a kanti.

"Hasumiya ɗaya ce fa, Ghislaine," ta ce tana danna dutsen guga a kan kwala. "Ya ɗora abarsa a sama ubanki ya huce. In ba zai iya miki wannan ba, me zai iya miki?"

Na ce ba haka ake gini ba. Ta ce ita ba gini take magana ba, aure take magana.

Ana haka waya ta buga, doguwa biyu gajera ɗaya, tamu ke nan. Gida shida ne a kan layin nan, kuma da ta buga kowa sai ya ɗaga a hankali. Léandre ne. Ya yi muryar ofis, wai yana tuna wa ma'aikaciya cewa gobe akwai wasiƙa mai muhimmanci da tsakar rana, kada ta fita cin abinci. Na ce na ji, ranka ya daɗe. Can cikin layin ina jin tsuntsu na tsiwirwiri.

"Ki gaishe min da Madam Fortin," ya ce, "da alama kanarinta ya warke."

Muka ji ƙit, maƙwabciyar tamu mai satar ji ta ajiye wayarta. Na so in yi dariya, amma Mama na tsaye a bakin ƙofa da rigar a hannu, sai na haɗiye.

Abincin yamman nan miyar wake ce da burodi. Aka kunna rediyo muka durƙusa addu'ar carbi, bakina na bi, hankalina na cikin aljihun teburina na ofis. Don akwai abin da na ɓoye a can, ƙarƙashin kwalin takardun bugu, wanda ko Léandre bai sani ba.

Juma'a na saka siket ɗina mai ruwan toka da farar riga mai maɓalli har wuya, na sake taje gashina sau biyu a bas. A kan keken rubutuna na tarar da guntuwar takarda da ƙaramin rubutunsa: "Kwana tara ban ga agogon Babanki ba. Har shi na fara kewa." Na ninke na tura cikin safar hannu. Wasiƙa uku na ɓata da safen nan.

Da sha biyu ta yi kowa ya fita cin kifin Juma'ar azumi, muka rage mu biyu. Ban tsaya kwana-kwana ba, na isar da saƙon Mama. Ya cire tabarau ya murza ido. Na ɗauka zai hau min bayanin littattafansa, sai ya ba ni labarin mahaifiyarsa. Ya ce a cocin unguwarsu masu hali ke gaba, su kuwa bencinsu na bayan wani ƙaton ginshiƙi. Shekara talatin tana zuwa sujada, ba ta taɓa ganin hannun Fada a kan bagade ba, murya kawai take ji. Ranar da aka kawo gawarta ne kaɗai ta kai gaba.

"Ba don in ɓata wa Babanki rai na cire ginshiƙan ba," ya ce. "Ina so duk wanda ya shiga ya gani. In na ɗora hasumiya a kan wannan rufin, sai na dasa ginshiƙai huɗu su ɗauke ta, a daidai inda mutane za su zauna."

Na ce na sani. Na ce amma ya taɓa tsayawa ya duba a ina mutumin garinmu zai ga kansa a cikin ginin? Mutanen da a katako aka haife su, a katako suke ci, a katako za a binne su, ka ba su kankare tsirara kamar ba su da sana'a? Ya ce ado ne nake nema, shi kuma ya gaji da gine-ginen da ke ƙarya, ana shafa wa filasta fenti a ce marmara ce. Na ce katako ba ƙarya ba ne. Murya ta fara tashi, ni da shi, har na ji tsoron mai shara zai leƙo.

Sai na jawo aljihun teburin.

Zane-zanen cocin ne nawa na kaina, mako uku na yi ina zana su a lokacin cin abinci, takarda biyar. Ban taɓa bangonsa ba, ban taɓa bagadensa na tsakiya ba. Cikin rufin ne na lulluɓe da katakon dajinmu, siri-siri a jere kamar haƙarƙarin kwalekwale. Hasumiya kuma na cire ta daga kan ginin gaba ɗaya, na tsayar da ita ita kaɗai a fili, doguwa siririya, tsohuwar ƙararrawarmu a buɗe a samanta. Sai ƙofar shiga: manyan ganye biyu na katako, tsayin mutum uku, a sassaƙa su tun daga ƙasa har sama. Na zana yadda za a haɗa su ba ƙusa ba ƙarfe, kamar yadda na tashi ina gani a shagonmu.

Ya shimfiɗa su a teburinsa ya danne da kwalaben tawada. Kunnuwansa suka yi ja. Ya tambaya tun yaushe, na faɗa. Ya ce wato mako uku ina kallonsa yana fama, ina gyara masa aiki a bayan idonsa. Ya je taga ya tsaya, ya dawo, ya ɗauki rula ya auna hasumiyar, ya sake aunawa. Ni dai ina tsaye ina murɗa maɓallin wuyana har ya tsinke.

"Ya fi nawa," ya ce daga ƙarshe, bai ɗago ba. "Ban so ya fi ba, amma ya fi."

Ya ce zai nuna wa maigidanmu da yamma, ranar Lahadi kuma, ranar ƙuri'a, zai kafa su a gaban jama'a ya ce ga aikin Ghislaine Potvin. Masu karatu, a nan ne na yi abin da na yi. Tsoro ne ya kama ni. Na hango fuskar Fada Simard in aka ce mace ce ta zana ɗakin Allah. Na hango maigidanmu, wanda ko kofinsa na shayi ba ya so in ajiye kusa da zane. Na hango Baba a gaban gari, a ce 'yarsa da ya tura buga wasiƙu ita ce ta zo tana raba gardamar maza. Na ce zanen zai mutu a take, kuma aikina zai bi shi. Na ce ya ce nasa ne.

"Wannan sata ce, Ghislaine."

"Ni na ba ka. Ba a satar kyauta."

"In aka tambaye ni fa?"

"Ka ce kai ne. Ka rantse min."

Ya ƙi, ya ƙi, har muka ji takun mutane a matakala. Na ce in bai rantse ba zan yayyaga su yanzu a gabansa, na kuwa kama gefen takardar farko. Ya riƙe hannuna ya rantse da kabarin mahaifiyarsa. Ni na sa shi. Ku riƙe wannan.

Asabar ba aiki, kuma gidan ya yi min ƙunci. Na wanke daɓen kicin da ba ya buƙatar wanki, na warware saƙar da na fara, na leƙa waya ya fi sau goma ba ta buga ba. Da la'asar Mama ta ba ni shayi in kai wa Baba shago. Na tarar da shi yana sassaƙa hannun wani waliyyi da ba wanda ya sa shi, tun gobarar haka yake yi, ya sassaƙa ya jera a kanta. Na ajiye kofin na tsaya ina tara ɓawon katako da ƙafa.

Shi ya fara magana. Ya ce kada in ɗauka ƙin yaron yake yi. Ya ce ya san duniya ta canza, har gadojin yanzu ba irin na da ba ne, kuma shi ma ba ya son a sake gina abin da zai ƙone. Ya juya hannun waliyyin yana duba yatsun.

"Na duba kwalin nan ciki da waje," ya ce, "ban ga inda za a ce Adélard, zo ka kama nan ba. Ko maƙalar hula babu."

Maganar ta zo min har baki. Na buɗe baki na ce shayin zai huce. Ya dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, ya ɗauki kofin.

Lahadi na saka kwat ɗina shuɗi mai gashi a wuya da hular da Pierrette ta ce tana sa ni kama da matar likita. Bayan sujada ba wanda ya tafi. Maza suka matsa gaba, mu mata muka koma baya kusa da murhu, wurin duk warin jiƙaƙƙen ulu. Léandre ya shigo da naɗin takardu, idonsa ya faɗa, ashe tun Juma'a yake kwafe zanen a manyan takardu. Ya kafa su a allo. Bai kalli inda nake ba.

Da farko guna-guni ne. Wani ya ce hasumiyar ta yi fushi ta fita waje, aka yi dariya. Léandre ya bari aka gama, sannan ya yi bayani a natse: ga inda ƙararrawarku za ta koma, za a ji ta har tsallaken tafki, ga rufin, katakon da kuke yankowa da hannunku ne, duk inda mutum ya zauna zai ga bagade. Dariyar ta ragu. Na ga mai injin yankan katako ya karkato kai. Dattijon da ya ce sai bayan ransa ya tambayi tsayin hasumiyar, da aka faɗa masa ta fi tsohuwar da ƙafa goma sai ya hau shafa gemu. Mama ta matse min hannu har zobenta ya shige min fata.

Sai Baba ya miƙe. Ya saka tabarau, ya wuce takardar rufi, ya wuce ta hasumiya, ya tsaya a ta ƙofa. Ya daɗe. Ya kai yatsa kusurwar ƙasa, inda aka zana haɗin katakon da girma, ya bi layin da farce. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai itace na fashewa a murhu.

"Maltais," ya ce, "wa ya zana wannan?"

Na zuba wa Léandre ido. A raina ina cewa kalle ni, kalle ni in ɗaga maka kai, na janye rantsuwar. Bai kalle ni ba.

"Ni ne, Baba."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Baba ya gyaɗa kai. Ya cire tabarau ya ninke ya saka a aljihu, ya juya wajen Fada Simard ya ce a rubuta ƙuri'arsa, ya yarda a gina, kuma in Allah ya ba shi kwana shi zai sassaƙa ƙofar. Zauren ya ɗauki hayaniya. Mama ta saki hannuna ta yi alamar gicciye. Ni kam har hawaye ya taru min, na ce shi ke nan, mun tsira.

Baba ya ɗaga hannu, bai gama ba.

Ya ce wannan haɗin ba a koyar da shi a Montréal, ba ya cikin littafi. Mahaifinsa ne ya ƙirƙiro shi, kuma duk duniya mutum uku suka san shi, ɗaya na kabari. Ya ce a shagonsu ko ɗan koyo ne ya fere ƙafar kujera, alamarsa ake bugawa a ƙasanta, ba ta maigida ba. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa kowa ya ji.

"Ginin na da kyau, za mu gina. Amma mutumin da zai tsaya a gaban Fada, a wurin da muka gama sujada yanzu, ya ɗora sunansa a kan aikin hannun wani, ba zan ba shi 'yata ba. Kada ka ƙara taka min falo."

Léandre ya yi fari fat. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Ya tsaya hannayensa a gefe, ya rufe baki, yana riƙe min alkawarin da na ƙwata da ƙarfi. Maza suka fara kallonsa irin kallon da ake yi wa wanda aka kama da hannu a akwatin baiko.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mama ta damƙo gefen kwat ɗina tana ja ƙasa, tana raɗa min in zauna don girman Allah, in rufa mata asiri. Fada Simard ya hango ni ya ɗaga gira, ya ce 'yata, wannan taron dattawa ne. Na zame hannun Mama na fito tsakiyar hanya.

"Baba," na ce. Bai juyo ba. "Baba, ni ce na zana."

"Na sani tun kafin in gama saka tabarau," ya ce, sannan ya juyo ya dube ni a gaban gari duka. "Ba shi nake tambaya ba yanzu. Yaron nan wata takwas yana zama a gidana, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ki matso nan gaba, Ghislaine, ki gaya mana wa ya koya masa."